Awa Biyun da Muka Ɓata a Tsakar Gida

Labarin da zan ba ku a wannan makon na gidanmu ne, kuma na daɗe ina jin nauyin ba da shi, domin akwai laifina a ciki. A ranar da abin ya faru shekaruna 16, sa'ar yawancinku ke nan. Ni ce na fara gane abin da ke faruwa a gidan, amma na yi magana sau ɗaya na ja bakina na yi shiru.

Mahaifina tela ne. Ya fi shekara 20 yana ɗinki a shagonsa da ke bakin kasuwa, kuma da keken nan na ƙafa ya ciyar da mu, ya biya mana kuɗin makaranta. Wata safiyar Talata cikin hunturu, lokacin ina aji biyu a babbar sakandare, na gama shiri na je in gaishe shi in karɓi kuɗin tara. Na same shi zaune a kan tabarma yana karya kumallo da koko da ƙosai. Na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana?" Ya buɗe baki zai amsa ke nan sai ludayin ya suɓuce daga hannunsa na dama, kokon ya zube masa a riga. Ya dube ni ya yi murmushi irin na wanda ya ji kunya, amma gefen bakinsa na dama bai motsa ba. Ya ce kansa ne ke sara masa. Maganar ta fito da nauyi, kamar wanda ya cika baki da abinci mai zafi. A lokacin ƙarfe bakwai ta wuce da 'yan mintuna.

Gabana ya faɗi, saboda a zangon karatun da ya gabata malamarmu ta Bayoloji ta rubuta mana alamomi uku a allo: karkacewar baki, mutuwar hannu ɗaya, da sarƙewar magana. Ta ce duk wanda ya ga ko ɗaya daga cikinsu ya zo wa mutum farat ɗaya, to shanyewar ɓarin jiki ce, kuma asibiti za a nufa nan take. Ga su nan duk uku a gabana. Na ruga madafa na raɗa wa Umma. Ita kuma ta aiki ƙanena ya kira Baffa, yayan Baba, wanda gidansa ke bayan namu.

Kafin wani lokaci tsakar gida ta cika. Wannan ya ce sanyin asuba ne ya buge shi, wancan ya ce iska ce, wata ta ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Wani maƙwabcinmu ya ce ai asfirin na tsinka jini, shi ake ba masu irin wannan ciwo. Baffa ya miƙo mini kuɗi, ni da kaina na ruga kemis na sayo, aka ba Baba ƙwaya ɗaya ya haɗiye da ƙyar yana ƙwarewa. Abin da ya fi yaudararmu shi ne, har a lokacin idan aka kama shi yana iya miƙewa ya taka, yana gane kowa, har ma yana cewa, "Ba komai, ku bar ni in ɗan kwanta." Na matsa kusa da Baffa na ce, "Baffa, da dai an kai shi asibiti." Ya ce, "Za a kai shi, 'yata. Bari dai ya ɗan samu natsuwa tukuna." Ban ƙara cewa uffan ba. An tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya musu da babba, kuma Baffa na ƙaunar ƙaninsa kamar ransa. Shi ma abin da yake gani daidai ne ya yi.

Wajen ƙarfe tara Baba ya yi amai. Ƙafar da yake ja ɗazu ta daina motsi kwata-kwata, maganar ta koma gurnani, idanunsa suka riƙa lumshewa. A nan ne kowa ya rikice, aka tare a daidaita sahu. Ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Suka auna jininsa suka ga 210 bisa 120, suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. A can ma sai da aka yanki kati, aka nemo kuɗin hoto. Ina kallo Umma ta cire 'yan kunnenta na gwal ta damƙa wa yayana. Ba a ɗauki hoton kan Baba ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

Lissafin da likita ya sa ni

Likitan da ya karɓe mu ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna wa Baffa wani farin tabo a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Ya ce shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda jijiyar jini ke toshewa, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Akwai kuma wadda jijiyar ke fashewa, jinin ya malala cikin naman ƙwaƙwalwar. Ta Baba ita ce ta biyu, farin tabon nan kuwa jini ne. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane shi ne ke riƙe da magana, shi ya sa hannunsa na dama da harshensa suka tafi tare.

Daga nan ya tambaya, "Kun ba shi wani abu a gida?" Kowa ya yi tsit. Na ce, "Asfirin, ƙwaya ɗaya. Ni na sayo." Bai yi mini faɗa ba. Ya ce asfirin na taimakon wanda jijiyarsa ta toshe, amma ga wanda tasa ta fashe, yana iya hana jinin daskarewa ya toshe ɓular. Ya ce babu likitan da zai iya rantsewa a kan wacce ce daga cikin biyun ta hanyar kallo da ido kawai, sai an ɗauki hoto.

Ya ga kayan makarantar da ke jikina, sai ya ce, "'Yan mata, aji nawa kike? Kina jin lissafi?" Na ce ina taɓawa. Ya ba ni biro da bayan wata takarda, ya ce in rubuta lambobi uku da ya auna a hoton: tsawon tabon santimita 4, faɗinsa santimita 3, zurfinsa santimita 3. Ya ce in ninka su, in raba amsar gida biyu. Hannuna na rawa na rubuta 36, na raba, na samu 18. Ya ce, "To, mililita 18 na jini ne a cikin kan mahaifinki yanzu. Cokalin shayi ɗaya mililita 5 ne, kin ga bai kai cokali huɗu ba. Aikinmu daga yanzu zuwa gobe shi ne kada wannan lambar ta ƙaru."

Wannan maganar ta ɗaure mini kai. Ni a tunanina abin da ya faru ya riga ya faru tun ƙarfe bakwai, kamar kwalbar da ta faɗi ta fashe, saura kawai a share. Ashe jinin bai gama zuba ba.

Aka kwantar da shi, aka ɗaga masa kai, aka riƙa sa masa maganin saukar da hawan jini ta jijiya, nas na zuwa a kai a kai tana aunawa. Cikin dare jikinsa ya ƙara nauyi, sai an girgiza shi sosai yake buɗe ido. Washegari da safe aka sake hoto. Ban jira an ba ni biro ba, na ciro nawa. Lambobin sun koma 4.5 da 4 da 3. Na ninka na samu 54, na raba na samu 27. Jinin ya ƙaru da mililita 9, wato da rabin yadda yake jiya. Bai kai cokalin shayi biyu ba, amma na ga abin da ya yi wa mahaifina a dare ɗaya.

Abin da na gano daga baya

Yanzu ina jami'a ina karatun gashin ƙashi, kuma ciwon Baba ne ya kai ni can. Abubuwa da dama da na gani a wancan makon sai yanzu na fahimci dalilinsu.

Na farko, lissafin nan da likita ya sa ni sananne ne a asibitocin duniya, ana kiransa ABC/2, kuma tun 1996 aka wallafa bayanin ingancinsa. Jinin da ya taru a ƙwaƙwalwa yakan yi siffar ƙwai. Masu ƙaunar lissafi a cikinku za su iya gwadawa: girman cikin abu mai siffar ƙwai shi ne tsawo sau faɗi sau zurfi, sau 3.14, a raba da 6. Tun da 3.14 bisa 6 ya yi kusa da rabi, sai aka sauƙaƙa aka ce a raba da 2. Lissafin ɗan sakandare ne, amma da shi ake yanke shawara a kan rayuwar mutum.

Na biyu, dalilin da ya sa 'yan cokula kaɗan ke yin wannan ɓarna. Idan ka bugu a cinya jini ya taru, fata za ta miƙe ta ba shi wuri, ya kumbura ya saɓe. Ƙoƙon kai kuwa akwati ne na ƙashi wanda ba ya miƙewa, kuma a cike yake da ƙwaƙwalwa da jini da ruwan da ke kewaye da ita. Duk mililitan da ya shigo sai ya ture wani abu. Yana yayyaga siraran zaruruwan da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa, yana danne na kusa da su, kuma bayan haka naman da ke kewaye yakan kumbura na kwanaki. Ciwon kai mai tsanani da amai da gyangyaɗin da muka gani a tsakar gida, alamun wannan matsi ne.

Na uku, dalilin da ya sa jinin ke ƙaruwa. A 1971 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Kanada mai suna Miller Fisher ya duba irin wannan jini a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga wasu ƙananan jijiyoyi da suka tsage a gefe-gefensa. Ya bayyana cewa jijiya ɗaya ce ke fara fashewa, jinin da ya fito ya ture maƙwabtanta har su ma su tsage, nasu jinin kuma ya ture na gaba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda zaizayar ƙasa ke cin gefen gona da damina ya san wannan: ɗan rami ne ke farawa, gefensa ya rufta, ya jawo na kusa da shi. Idan kuma hawan jini ya yi sama sosai, kamar famfo ne da aka buɗe da ƙarfi a bayan tiyon da ya ɓule.

Likitoci sun auna wannan abu da hoto. A 1997 Thomas Brott da abokan aikinsa a birnin Sinsinati na Amurka suka wallafa bincike a kan majinyata 103 da aka ɗauki hotonsu cikin awa uku da fara ciwon. Suka sake ɗaukar hoton bayan awa ɗaya, sannan bayan awa 20. A wurin kashi 26 cikin 100 na majinyatan, jinin ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa uku a cikin awa ɗayan nan kacal. Wasu kashi 12 kuma nasu ya ƙaru kafin awa 20. Jimilla kashi 38 cikin 100 ke nan. Ku lura da inda yawancin ƙaruwar ta taru: a sa'o'in farko, daidai lokacin da mu muke tsakar gida muna shawara.

Alaƙar wannan da samun sauƙi kuwa a fili take. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na girman jinin yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 5 cikin 100, yana kuma ƙara yiwuwar mutum ya ƙare yana dogaro da wasu. Tun a 1993 wani binciken, shi ma a Sinsinati, ya nuna cewa majinyatan da jininsu bai kai mililita 30 ba kuma hankalinsu bai gushe sosai ba, kashi 19 cikin 100 ne ke rasuwa cikin wata guda. Waɗanda nasu ya kai mililita 60 ko fiye kuma suna cikin doguwar suma, kashi 91 ne. Ledar fiya wata mililita 500 ce. Mililita 60 bai kai kashi ɗaya bisa takwas na ledar ba. Baba ya tsaya a 27. Na sha zama ina tunanin tazarar da ke tsakanin 27 da 60, kusan cokalin shayi bakwai.

Girman jinin ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Wurin da ya zuba ma yana da muhimmanci, domin ɗan kaɗan a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, ya fi mai yawa a wani gefen haɗari. Shekarun majinyaci da yanayin hankalinsa lokacin da ya iso asibiti su ma suna cikin lissafi. Sai dai shekaru da wurin da jijiya ta fashe babu mai iya canza su. Ƙaruwar jinin ce ake iya yin wani abu a kanta, shi ya sa likitoci suka mayar da hankali a wurin.

Sun gwada hanyoyi da yawa, kuma ba duka ne suka yi nasara ba. A 2018 an wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka jagoranta daga Ingila a kan majinyata sama da 2,300, inda aka yi amfani da wani magani da ake ba mata don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Maganin ya ɗan rage ƙaruwar jinin, amma bayan wata uku ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen yadda majinyatan ke iya kula da kansu. Abin da ya ba da sakamako mai daɗi shi ne haɗa matakai masu sauƙi a yi su da sauri. Gwajin da ake kira INTERACT3, wanda aka wallafa a 2023, ya shafi majinyata 7,036 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Matakan huɗu ne: a sauke lambar sama ta awon jini zuwa ƙasa da 140 cikin awa ɗaya, a daidaita sukarin jini, a kashe zazzaɓi, sannan a warware aikin maganin tsinka jini na wafarin ga masu shan sa. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Amma akwai sharaɗi guda: waɗanda suka iso asibiti cikin awa shida da fara ciwon ne aka sa a gwajin. Duk ƙwarewar likita, sai an kai masa majinyaci kafin ya fara aiki.

Tambayar da ta hana ni barci

A kwana na biyar, bayan Baba ya fara buɗe ido da kansa, na tare likitan a baranda. Na ce, "Likita, don Allah ka gaya mini gaskiya. Da mun kawo shi tun ƙarfe bakwai, da hannunsa bai mutu ba?" Ya ɗan yi jim. Ya ce akwai waɗanda ake kawowa cikin rabin awa amma jinin ya ƙaru duk da haka, akwai kuma waɗanda ke kwana a gida nasu bai ƙaru ba. Ya ce amma mutumin da ke takawa da ƙarfe bakwai, ya kasa ɗaga ƙafa da ƙarfe tara, jikinsa ne ke shaida cewa wani abu na ci gaba a ciki, kuma duk wannan lokacin jininsa na sama da 200 babu mai saukar da shi. Ya ce, "Da kun zo da wuri, da mun samu damar da ba mu samu ba. Iyakar abin da zan iya gaya miki ke nan. Rai da lafiya na hannun Allah, amma Shi ne Ya ce a nemi magani."

Na shiga banɗakin asibitin na yi kuka mai isata. Ba na zargin Baffa. Abin da ke ci mini rai shi ne ni na san alamomin, na kuma san abin da malamarmu ta ce a yi, amma na faɗa sau ɗaya cikin raɗa na haƙura. Da na durƙusa a gabansa na ce, "Baffa, malamarmu ta ce wannan ciwon minti ake ƙirga masa, don girman Allah mu tafi yanzu," na tabbata da ya saurare ni. Ladabi bai hana nanata magana ba idan rai ne a tsakiya.

Dawowa a hankali

Baba ya yi mako uku a asibiti. Jinin da ya taru, jiki ne ke tsotse shi da kansa a cikin makonni, amma zaruruwan da ya tsinke ba sa komawa yadda suke. Abin da ke faruwa shi ne sauran sassan ƙwaƙwalwa su koyi aikin waɗanda suka lalace, kuma ba sa koya sai da maimaici. Shi ya sa gashin ƙashi da motsa jiki suke da muhimmanci, musamman a wata uku zuwa shida na farko, lokacin da sauƙi ya fi saurin zuwa. A nan ne kuma ake ganin bambancin ƙaramin jini da babba: iya yawan abin da ya tsira daga ƙwaƙwalwa, iya yawan abin da za a yi gini a kansa.

Kullum da yamma idan na dawo daga makaranta nakan zauna in lanƙwasa masa yatsu in miƙe, kamar yadda aka nuna mana. Muka zuba masa maɓallan riga a faranti yana ƙoƙarin tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko ko ɗaya bai ɗauka ba, ya ture farantin ya juya fuska bango. Mutumin da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, yau maɓalli ya gagare shi. Bayan wata biyu ya tsinci biyar. Kalmar da ta fara fita sosai daga bakinsa sunan Umma ne, ranar har kaza aka yanka a gidanmu. A wata na huɗu ya taka daga ɗaki zuwa zaure da sanda.

Yau yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana ɗan jan ta dama. Maganarsa ta dawo, sai dai idan ya gaji takan yi nauyi. Hannun dama kuwa bai dawo yadda zai riƙe almakashi ba. Yakan je shago ya zauna ya duba aikin yaransa, ya nuna musu da hannun hagu inda ɗinki ya karkace. Mun gode wa Allah, domin gadon da ke kusa da nasa a asibiti, mai shi bai kwana uku ba. Amma duk lokacin da na ga ya kalli keken ɗinkinsa, sai awa biyun nan su faɗo mini.

Tushen abin kuwa ya girmi wannan safiya. Shekara biyu kafin nan an gaya wa Baba yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan magani. Ya sha na 'yan watanni, da ya ji garau sai ya ce ya warke, ya ajiye. Hawan jini ba ya sa mutum ya ji ciwo kullum. A ɓoye yake cinye bangon ƙananan jijiyoyin da ke can cikin ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, har ranar da ɗaya za ta gaza. Wannan matsalar tamu ce ƙwarai. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa, ya duba majinyata sama da 2,000, aka wallafa sakamakonsa a 2018. Ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki a wurinmu, fashewar jijiya ce ta kama su, alhali a ƙasashen Turai da Amurka irin wannan ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Ya kuma gano cewa hawan jini ne babban dalili, nesa ba kusa ba.

Abin da nake roƙonku

Ƙannena, a gidaje da yawa ku ne kuka fi kowa kusa da irin wannan ilimi, kuma sau da yawa ku ne ke gida lokacin da abin zai faru. Idan kuka ga bakin wani ya karkace farat ɗaya, ku ce ya yi murmushi. Ku ce ya ɗaga hannuwansa biyu, ku ga ko ɗaya zai sauka. Ku ce ya faɗi sunansa da na unguwarsu. Ko ɗaya ya gaza, ku dubi agogo ku riƙe lokacin, domin likita zai tambaya. Kada a ba shi asfirin ko maganin hawan jinin wani. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci ko wani abin sha, saboda maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa, abin ya wuce huhu. Idan yana amai ko hankalinsa ya gushe, a kwantar da shi a kan gefensa. A nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa kai tsaye idan da hali, kuma tun yau ku tambaya ku san wanne ne mafi kusa da ku. Addu'a kuwa ana yin ta a cikin mota. Ko da yana magana, ko da ya ce ku bar shi ya huta, kada wannan ya ruɗe ku kamar yadda ya ruɗe mu.

Kafin a kai ga haka ma akwai aikin da ya fi sauƙi. Ku tambayi iyayenku yaushe rabonsu da awon jini. Idan suna shan maganin hawan jini, ku zama masu tuna musu kullum, ko suna jin lafiya ƙalau. Ku yi wa masu girki magana a kan gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya.

Mun sayi ƙaramar na'urar awon jini, tana nan a kan durowar Umma. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake aunawa a rubuta a wani tsohon littafina na lissafi. Idan ina makaranta ƙanena ne ke yi. Baffa ne ke fara zuwa, ya naɗe hannun riga ya zauna a kan tabarmar. Makon da aka fara, nasa ya nuna 170 bisa 100, kuma washegari da sassafe shi ya ce a raka shi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu tsawon rai mai albarka.